Kayak na farko: wanne zaka saya in Dadin Kowa zaka shiga?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan abin da kuke gani a gabana a bakin ruwa shi ake ce wa kayak, kuma tun ranar da na fara ɗora shi a saman mota na bi ta Tashan Dukku mutane ke tare ni, malam wannan kwale-kwale ne ko baho? To ɗan uwan kwale-kwale ne, sai dai na mutum ɗaya ne, wani lokaci biyu, kuma filafilinsa baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuit ne can yankin ƙanƙara, Girinland da arewacin Kanada, da fatar dabbar teku suke lulluɓe katako ko ƙashi su fita farauta. Mu kam ba farauta zamu je ba, shan iska ne da motsa jiki, shi ya sa zaɓinmu ya bambanta da nasu.

Kafin ka buɗe waya ka fara kallon hotuna, ka tambayi kanka wane ruwa zan shiga. Mu nan Gombe dam ɗin Dadin Kowa ne, a kan kogin Gongola, ko dam ɗin Balanga, 'yan Bauchi kuma ga Gubi. Duk ruwa ne kwantacce, ba igiyar teku irin ta Legas, ba gangaren duwatsu. Saboda haka duk wanda ya nuna maka wani dogo siriri mai mita 5 kamar takobi yace shi ne na ƙwararru, ka ce masa ka gode. Wancan na masu doguwar tafiya ne, yana gudu kam, amma ranar farko kafin ka gama gyara zama ka sha ruwa.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake shiga ciki, ƙafafunka suna cikin rami ka fito daga ƙugu zuwa sama, akwai kuma wanda ake zama a kai, masu sayarwa sit-on-top suke rubutawa in zaka nema. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, na zama a kai nake ba sabon shiga shawara, musamman a ƙasarmu ta zafi. Shi na shiga ciki an yi shi ne don kar ruwan sanyi ya taɓa mutum, to mu wane sanyi muke gudu a watan Afrilu? Kuma in ya kife ruwa zai cika cikinsa, sai ka jawo shi gaɓa ko ka yi ta kwasa da kwano. Wannan na zama a kai kuwa, bari in matso da kyamara, kun ga waɗannan ramukan a wajen zama da wajen ƙafa? Ba fashewa ba ce, haka aka yi shi, ruwan da ya fantsamo ta nan yake komawa ƙasa, jikin kuma a rufe yake da iska a ciki. In ya kife ka juyo shi ka hau abinka. Illarsa ɗaya, wandonka sai ya jiƙe, wannan kam ba makawa, kar ka zo da shadda.

Tsawo da faɗi. Ka nemi mai tsawon mita 3 zuwa 3 da rabi, faɗi kuma wajen santimita 75 zuwa 80. Faɗin shi ne yake hana shi rawa in ka zauna, tsawon kuma shi ne yake sa ya tafi a miƙe. Gajere sosai, irin mai mita 2 da rabi, duk tsoma filafili ɗaya sai hancinsa ya karkace, ka yi dama ya yi hagu, ka yi ta zagaye wuri ɗaya yaran masunta suna maka dariya daga gaɓa, kuma wallahi dariyar yaran bakin ruwa ba ta da daɗi.

Sai nauyin da zai ɗauka, nan mutane suke yin kuskure. Kowanne akwai lambar da aka rubuta a jikinsa ko a takardarsa, amma ba cika ta ake yi ba, kamar kashi 70 cikin 100 ake so ka tsaya. Misali kai kilo 80 ne, ga gorar ruwa ga ɗan abinci ga takalmi, ace kilo 10, ka kai 90, to mai ɗaukar kilo 130 zaka nema. In ka yi masa lodin 'yan kasuwar Kumo zai nutsa ƙasa, ruwa ya dinga shigowa ta ramukan nan maimakon fita.

Da me aka yi shi? Yawanci roba ce mai kauri, dangin robar tankin ruwa na saman gida, tana jure gogar dutse da jan ƙasa, amma tana da nauyi, kilo 20 zuwa 30, ka tuna kai zaka ɗaga shi kai kaɗai bayan ka gaji. Kuma rana abokiyar gabarta ce. Ni na koyi wannan da kuɗina, na bar nawa ɗaure tamau a saman mota kwana biyu cikin zafin Maris, da na kwance sai ga cikinsa ya lotsa daidai inda ƙarfen ya danne, sai da na kife shi na yi ta lallaɓa shi kafin ya ɗan dawo. Yanzu a inuwa yake kwana, a jingine ta gefe. In na hannu zaka saya, wato tokumbo, ka duba launinsa, in ya koɗe ya yi fari-fari kuma ka danna ka ji robar ta bushe ba ta dawowa, rana ta gama da shi. Ka kife shi ka duba ƙasan wutsiya inda ake jan sa, nan yake fara cinyewa.

Akwai na hurawa da famfo, wanda zaka naɗe a jaka ka hau keke napep da shi, ga wanda ba shi da mota ko yake gidan haya wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma bakin ruwanmu akwai ƙaya, akwai kututturen da ruwa ya rufe baka gani, ga ƙugiyar masunta. Ka sayi mai ɗakunan iska uku don in ɗaya ya sace sauran su riƙe ka, ka riƙe faci da gam ɗinsa, kuma kar ka hura shi tam da safe ka yar a rana, iska na kumbura da zafi, ɗinkin zai buɗe. Iska kuma tana tura shi kamar leda, lokacin hunturu zaka sha wuya. Irin na wasan yara mai arha da ake sawa a wurin wanka kuwa, wannan ko kyauta aka baka kar ka kai shi dam.

Filafili mai tsawon santimita 230 yana yi wa yawancin mutane a irin faɗin da na faɗa, in kai dogo ne ka je 240. Launin kayak ɗin kuma ka ɗauki ja ko ruwan ɗorawa ko na lemo, don mai jirgin inji ya hango ka daga nesa.

Rigar ceto kuwa, laif jaket, ka cire kuɗinta tun kafin ka cire na kayak ɗin. Kar ka ce min ka iya iyo, tsakiyar dam ba kududdufin unguwa ba ne. Ka sa ta ka ɗaure, wani ya kama kafaɗun ya ja sama, in ta haura kunnenka ta yi maka yawa.

Abin da babu shi a bidiyon Turawa shi ne dorina. Dadin Kowa akwai dorina, mutanen Hinna da kewaye sun san ɓarnarta, tana kife jirgin katako balle wannan 'yar robar. Ranar da ka iso da sabon kayak ɗinka kar ka wuce kai tsaye cikin ruwa, ka nemi sarkin ruwa ko dattawan masunta, ka gaishe su da kyau, ka ce Baba ina ne ba a zuwa, ina aka shimfiɗa raga, ƙarfe nawa iska ke tashi. Kar ka shiga da asuba ko dab da magariba, kar ka kusanci bangon dam ɗin inda ruwa ke fita, in ka ga hadari ya haɗo ta gabas ka fito tun bai iso ba. In ka jiƙe sosai ka yi wanka da sabulu ka goge jiki, kuma in ka ga jini a fitsari daga baya ka je asibiti a duba tsargiya, maganinta akwai.

Yanzu bari in sa rigata, zan tura shi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ku kalli yadda nake fara ajiye mazaunai kafin in ɗago ƙafafu, ɗaya bayan ɗaya.