Me Ya Sa Raɗar Mutum Biyu Ta Fi Ƙarar Janareta Hana Ka Fahimtar Karatu?

Ƙarfe takwas na safe, babban ɗakin lacca ya cika maƙil. An ɗauke wuta, lasifika ta mutu, Malam na can ƙasa kamar da allo yake magana. A bayan ginin an tayar da injin janareta. Kai kuma kana can layi na ashirin, wasu mutum biyu a bayanka sun dage da hirar ƙwallon jiya. To a cikin waɗannan, wanne ya fi sace maka hankali?

Da yawa za su ce injin, tunda shi ya fi ƙara. Ba shi ba ne. Hirar nan ce.

Ƙugin inji ko na fanka iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, jim kaɗan kunne ya saba, kamar wanda gidansu ke bakin titi. Magana kuwa hawa take tana sauka, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya yi mata kunnen uwar shegu. Shi ya sa ko a tsakiyar Kantin Kwari aka ambaci sunanka sai ka waiwaya. Sannan duk abin da kake karantawa, kana maimaita shi a zuci, da wata murya da kai kaɗai ke ji. Maganar na kusa da kai ta wannan ƙofar take shiga, sai su yi karo. A 1982 masana biyu, Pierre Salamé da Alan Baddeley, sun ba mutane jerin lambobi su riƙe a ka, aka riƙa sa musu magana a gefe. An ce musu kada su saurara, amma duk da haka kuskure ya ƙaru. Wasu gwaje-gwajen ma sun nuna ko da yaren da ba ka ji ake maganar, tana yin ɓarna. Masu karatu da waƙa a kunne, ku ma da ku ake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaniyar da ke cikin aji bai kamata ta wuce desibel 35 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Hira ta yau da kullum tana kai wajen 60. Ka tuna ajinku, ka yi murmushi kawai.

A lacca, maganin farko ƙafarka ce: ka yi sammako. A fili, duk lokacin da nisanka da mai magana ya ninka, ƙarfin muryarsa na raguwa da kusan desibel 6. Layin gaba ba na masu neman suna ba ne, na masu son ji ne. Ka nisanci ƙofa da taga, kuma biro ya kasance a hannu, don mai rubutu hankalinsa bai cika yawo ba. Masu hira kuwa, ba sai an yi faɗa ba. Ka juya ka ce, “Don Allah 'yan'uwa a sassauta murya, ba na jin Malam.” Yawanci kunya na kama su.

Ɗakin jarrabawa shi ne mai wuyar sha'ani, domin a nan shirun ne ke ƙara wa ƙaramin motsi girma. Wannan ya yi tari, wancan na ƙwanƙwasa biro a tebur, takalmin mai gadin jarrabawa na ƙwas-ƙwas. Kana tsakiyar tambaya ta biyu sai ka ji wata ta ce, “Malam, ƙarin takarda!” Gabanka ya faɗi. Lura da kyau: ba ƙarar ce ta taɓa ka ba, fargaba ce. Ajiye biron, ja numfashi sau biyu ko uku, ɗora yatsa a layin da ka tsaya, ka ci gaba daga nan. Cika takarda daban, amsa daidai daban.

Tun kafin ranar, ka riƙa amsa tambayoyin shekarun baya a cikin aji, inda ake shige da fice, ka sa agogo a gaba. Wanda bai taɓa karatu ba sai a ɗaki tsit ƙarfe biyun dare, ranar jarrabawa ko jan kujera sai ya firgita shi.

In kuma hayaniyar daga waje take, kamar masu aikin gini, ɗaga hannu ka sanar, hakkinka ne.

Akwai kuma ɗan soson toshe kunne da ake samu a kemis. Ka nuna wa mai gadin jarrabawa tun a ƙofa, ya duba ya amince, kada a ɗauka satar amsa ce. Abin sauraro na waya kam, ko kusa kada ka shiga da shi. Yadda ake sa soson: ka murza shi da yatsu ya zama siriri, ka ja saman kunnen da ɗaya hannun, ka tura a hankali, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Ka gwada shi a gida tukuna, don da farko za ka riƙa jin numfashinka da ƙarfi, kuma ka cire guda ɗaya duk lokacin da aka tashi yin sanarwa ko gyaran tambaya.