Kasuwa ta ci, jirgi ya tashi, aji na kulle

AUWAL: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jos. Idan kun ji ƙara, ruwa ne ke dukan kwano. Anti Binta na nan, Malam Nasiru ma yana nan. Saƙonnin da kuka turo ta WhatsApp a satin nan na ƙarshen Yulin 2020 duk magana ɗaya ce, wato makarantun da aka rufe saboda cutar korona. Shekaranjiya Litinin aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma ranar 4 ga Agusta, a fara WAEC ranar 17. Malam, na ga tun ɗazu kana motsi a kujera.

MALAM NASIRU: Yo dole in motsa. Auwal, ƙirga min daga 4 zuwa 17.

AUWAL: Kwana goma sha uku.

MALAM NASIRU: Sati biyu ma bai cika ba. Yaron da rabonsa da allo tun Maris, shi za a ba kwana goma sha uku a ce ya shiga ya rubuta lissafi da kimiyya. Kuma ku tuna, ranar 8 ga watan nan ministan ilimi, Malam Adamu Adamu, ya fito daga taron majalisar zartarwa ya ce makarantun tarayya ba za su buɗe ba, gara a yi asarar shekara da a jefa yara cikin haɗari. Kafin nan ƙaramin ministansa, Nwajiuba, ya riga ya ba da ranar jarrabawa. Ma'aikata ɗaya, baki biyu. Yaran da nake koyarwa da suka ji an ce babu WAEC, ajiye littafi suka yi. Yanzu an ce su ɗauko.

ANTI BINTA: Amma Malam, kai ne fa ka wuni nan kana cewa a buɗe, a buɗe. An buɗe kuma kana faɗa.

MALAM NASIRU: Har gobe ina cewa a buɗe, Anti. Yadda aka yi ne ya dame ni. Kuma 'yan ajin ƙarshe kaɗai aka kira. Ɗan aji uku na firamare fa? Shi wa ya tuna da shi? Ki duba, tun farkon Yuni aka sassauta wa masallatai da coci. Ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanya tsakanin jihohi. Ranar 8 jirgi ya fara tashi tsakanin Abuja da Legas. Ki je Taminus yanzu, ki je Farin Gada, kafaɗa na gugar kafaɗa, takunkumi na rataye a haɓa. To yaran da aka ce ana karewa, ina suke wuni? Can suke. Ni da idona na ga ɗalibina, yaro mai ƙoƙari, wanda ke zuwa na biyu na uku a aji, yana tura baro cike da buhun dankali a Farin Gada. Da ya hango ni sai ya ja hularsa ya rufe fuska. Na kira shi, na ce kana karatu kuwa? Ya ce Malam, a rana ina samun abin da zan kai wa Mama ta yi cefane. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin hannunsa, kina ganin ranar da aka buga ƙararrawa zai ajiye baro ya dawo ya zauna a benci?

ANTI BINTA: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma bari in faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Mutane na cewa ai cutar ba ta cika kwantar da yara ba. Haka ne, yawancinsu ko sun kamu ba sa jin jiki sosai. To amma yaro ba shi kaɗai yake kwana ba. A gidajenmu na Gangare da Unguwar Rogo, da kakarsa yake kwana, mai hawan jini, mai ciwon suga. Malamin da ke gaban allo ma wani ya haura hamsin. A kasuwa mutum tsayawa yake ya saya ya wuce, kuma a fili. A aji kuwa awa biyar, awa shida, tagogi a rufe saboda sanyin garin nan. Ba ɗaya ba ne.

AUWAL: Kuma lambobin Filato hawa suke yi.

ANTI BINTA: Hawa suke yi, musamman tunda ana gwaji a nan Vom, ba sai an kai samfur nesa ba. Kuma ku dubi waɗanda suka riga mu. Isra'ila ta buɗe a Mayu, cutar ta ɓarke a wata sakandare a birnin Ƙudus, aka shiga rufe makarantu. Afirka ta Kudu ta buɗe a Yuni, satin da ya wuce shugaban ƙasar, Ramaphosa, ya ce a sake rufewa na sati huɗu. Ghana ma da ta mayar da 'yan ajin ƙarshe an samu masu ɗauke da cutar a wasu makarantun kwana.

MALAM NASIRU: To Denmark fa? Tun tsakiyar Afrilu ta mayar da ƙananan yara.

ANTI BINTA: Denmark da famfo a kowane lungu, yara kaɗan a aji? Malam, ajinka mutum nawa?

MALAM NASIRU: Nawa da sauƙi, tunda makarantar kuɗi ce. Na gwamnati ne za ki tarar da tamanin, wani wurin ɗari. Kuma nan nake so mu zo, don a nan ni da ke muka haɗu. Takardar sharuɗɗa da ma'aikatar ilimi ta fitar ta ce tazarar mita biyu, wurin wanke hannu, na'urar auna zafin jiki, a raba yara wasu safe wasu rana. Madalla. To tun 19 ga Maris da aka ba da umarnin rufewa, wata huɗu ke nan da ɗoriya, azuzuwa babu kowa. Wane lokaci ya fi wannan dacewa a haƙa rijiyar burtsatse? A gyara bayan gida? A sa taga? Na leƙa wata firamare a unguwarmu, ba zan faɗi suna ba. Ciyawa ta kai ƙugu, iska ta yaye kwanon aji biyu, awaki ne kwance a kan dakali. Tankin ruwan da ke wurin ya tsage tun bara. Da me yaro zai wanke hannu? An ɓata wata huɗu ana gardamar rana, alhali aikin da zai sa ranar ta yiwu ba a taɓa shi ba.

AUWAL: Malam, tunda ka ambaci awaki...

ANTI BINTA: Kai Auwal, kar ka fara.

AUWAL: A'a Anti, dole masu sauraro su sani. Jiya an ga Malam a 'Yan Shanu.

MALAM NASIRU: Kallo na je yi.

AUWAL: Kallo har da ɗaga wutsiya da duba haƙori?

MALAM NASIRU: To ba sai mutum ya san abin da yake kallo ba?

ANTI BINTA: Ni abin da na ji, dillalin ya faɗi kuɗi, sai Malam ya ba ragon tazarar mita biyu.

AUWAL: Ya bi doka!

MALAM NASIRU: Ragon ne bai sa takunkumi ba.

AUWAL: Kuma an ce ya yi atishawa.

ANTI BINTA: Wallahi ragunan bana ko zazzaɓi ba sa yi, masu saye ne ke yi. Bana fa babu mai zuwa Hajji daga nan, duk alhazai suna gida, kowa na neman na yanka. Maƙwabcinmu tun Azumi ya sayi ɗan ƙarami yana kiwo, yanzu ragon ya fi shi isa a gidan. Ya cinye shanyar matarsa, ya tunkuyi mai kawo ruwa.

AUWAL: A killace shi kwana goma sha huɗu.

ANTI BINTA: Jibi Juma'a za a sallame shi.

MALAM NASIRU: Ku bar ni da rago. Ai maganar ragon ma cikin zancenmu take. Kun san malaman makarantun kuɗi nawa ne ba su ga albashi ba tun Maris? Iyaye ba su biya kuɗin zango ba, mai makaranta ya ce ba shi da abin bayarwa, kuma wani da gaskiyarsa, haya yake biya. Abokin aikina mai koyar da kimiyyar sinadarai, mutum mai digiri, yanzu Keke Napep yake ja daga Bauchi Road zuwa Taminus. Wata malama ta koma suyar awara a ƙofar gida. Ba aibu ba ne, sana'a ce. Amma ranar da aka ce a dawo, wasunsu ba za su dawo ba, sun gano keke ya fi alli kawo abinci. Sai a buɗe makaranta a tarar babu malami.

AUWAL: To karatun intanet fa? Wani mai sauraro daga Rayfield ya ce 'ya'yansa ba su rasa komai ba, kullum suna kan Zoom.

MALAM NASIRU: Allah ya ƙara masa buɗi. 'Ya'yansa na da kwamfuta, da janareta, da data. Ni na buɗe wa ɗalibaina zaure a WhatsApp. Wayar ta uba ce, uban ya fita da ita tun asuba, sai dare ya dawo, batir ya mutu, babu wuta. In tura aiki ranar Litinin, amsa ta zo ranar Alhamis, hoton ma dishi-dishi. Darasin rediyo kuma, yaro ba ya iya ɗaga hannu ya ce Malam ban gane ba. Abin da kullen nan ya yi shi ne ɗan mai hali ya ci gaba, ɗan talaka ya tsaya, kuma ranar 17 takarda ɗaya za a miƙa musu. Tun kafin korona UNICEF ke cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawa a Arewa. Mu ne ke da ramin, kuma mu ake ƙara wa zurfi.

ANTI BINTA: Ni ta 'yan mata ce ta fi tsaya min a rai, kuma a nan kam ina bayanka. Lokacin Ebola, Saliyo ta rufe makarantu wajen wata tara, da aka buɗe 'yan mata da yawa ba su koma ba, wasu ciki, wasu aure. Mu nan ma an fara. Yarinya tana aji biyar na sakandare, uba ya ga tana zaune, ga mai nema ya fito, sai ya ce zaman me take yi? A layinmu kaɗai an sa ranar biyu bayan Sallah. Na je na sami uwar ɗaya, na ce Yaya, ki bari ta ƙarasa mana, shekara ɗaya ta rage. Ta ce Binta, wa ya san ranar buɗewa? Ga Kenya can an ce sun soke shekarar gaba ɗaya. Ban sami abin ce mata ba, don ni ma ba ni da ranar.

MALAM NASIRU: Kin ga illar rashin tsayar da magana. Da tun Mayu an ce wata kaza za a koma, ga abin da za a yi kafin nan, da uwar nan ta jira. A 2014 da Patrick Sawyer ya shigo da Ebola Legas, an ɗage komawa makaranta, amma an faɗi rana, kowa ya san inda aka dosa.

AUWAL: Mu 'yan jami'a kuma ba a ma sa mu a lissafi. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na yajin aiki tun 23 ga Maris kan IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya. Ko gobe korona ta tafi, ƙofar Jami'ar Jos a rufe take.

MALAM NASIRU: Naku shiri guda ne, Auwal, sai mun ware masa rana. Ni dai ga abin da zan yi da ni ke da iko. Ƙananan yara su fara komawa, ba manya kaɗai ba, don su ne ke mance karatu da wuri, kuma su ne cutar ta fi sassauta wa. A raba aji biyu, rabi Litinin da Laraba, rabi Talata da Alhamis. Inda rana ta fito a fitar da benci waje. Malamin da ya manyanta ko yake da ciwo a bar shi a gida da albashinsa. Kowace makaranta bokiti mai famfo da sabulu a bakin kowane aji, wannan ko ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya. Kuma ba dole Wase da Kanam su jira Jos ba, inda cutar ba ta yi yawa ba...

ANTI BINTA: Inda ba a yi gwaji da yawa ba dai. Kuma benci a waje a watan Agusta, a Jos? Ka ji abin da ke sauka a kan kwanon nan kuwa?

MALAM NASIRU: To a jira Satumba a fitar. Amma a faɗa yau.

ANTI BINTA: Idan yaro ɗaya ya kamu fa? A rufe ajin ko makarantar? Wa zai zo ya ɗauki samfur, kuma kwana nawa sakamako zai yi? Wannan ce tambayar da nake so a amsa min kafin in sa wa autana inifom.

MALAM NASIRU: Ajin za a rufe, ba makaranta ba. Bari in yi miki bayani, akwai hanya uku...

AUWAL: Malam, yi haƙuri, wayar da muke ɗauka da ita ta nuna ja. Mun shirya kowa ya faɗi matsayarsa a ƙarshe, ga saƙonni kuma ban karanta ko rabi ba. Mai sauraro da ya yi tambaya kan makarantun allo da almajiran da aka mayar jihohinsu, mun gani, sai mako mai zuwa.

MALAM NASIRU: Minti ɗaya kawai. Iyayen 'yan WAEC, ku karɓe musu baro da farantin talla daga yau, ku nemo musu tsofaffin takardun tambayoyi, ku ɗinka musu takunkumi biyu don a riƙa wankewa. Hanya ta farko kuma, Anti...

AUWAL: Sai mako mai zuwa, Malam. A yi Sallah lafiya, jama'a.