Amsoshin Tambayoyinku: Rumfar Itace da Katakon da Zai Ɗauki Rufinta

Mai gabatarwa: Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu uku ne a gabana, kuma kamar masu su sun haɗa baki, dukkansu a kan rumfar ajiye itacen wuta suke. Tare da ni akwai injiniyan gine-ginen da ya saba leƙo mu. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, Malam. Na gode.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wata baiwar Allah ce. Ta ce tana lulluɓe itacenta da tamfol ruf har ƙasa don kada ruwa ya taɓa shi, amma da ta hura wuta sai hayaƙi ya turnuƙe, gindin itacen yana fitar da kumfa. Tana tambaya ko rumfa za ta raba ta da wannan.

Injiniya: Hajiya, tamfol ɗin nan shi ya cuce ki. Ɗanyen itace, a ranar da aka sare shi, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kumfar da kike gani a gindinsa ruwan ne yake tafasa, wato wutar taki tana ɓata ƙarfinta wajen busar da itacen kafin ta ba ki zafi. Da kika rufe shi ruf, kin hana ruwan sama shiga, amma kin hana na ciki fita, ga danshin ƙasa kuma yana tasowa ya taru a ƙarƙashin tamfol ɗin.

Saboda haka rumfar itace ba ɗaki ba ce. Rufi take so a sama, gefuna kuwa a bar su a buɗe, ko a jera katako da tazara yadda iska za ta ratsa. A ɗaga itacen daga ƙasa kamar santimita 10 zuwa 15, a kan bulo ko katako. A faskara shi kafin a jera, domin ɓawo yana riƙe ruwa, kuma a bar ɗan fili tsakanin layi da layi. Ya danganta da irin itacen da yanayin wurin, bushewar kan ɗauki wata shida zuwa shekara, masu tauri a wuri mai sanyi ma har shekara biyu. In kina son ki gane ya bushe, ki dubi bakinsa, za ki ga ya tsattsage. Ki haɗa guda biyu ki buga, busasshe ƙara yake yi ƙwas, ɗanye kuwa sai ki ji dum.

Mai gabatarwa: To madalla. Ta biyun tana da ɗan tsawo, bari in taƙaita. Wannan bawan Allah zai yi rumfa mai tsawon santimita 360, faɗinta daga gaba zuwa baya 180, rufin kwano, dirkoki huɗu a kusurwoyi. Ba ya son dirka a tsakiyar gaba, domin yana son baro ya riƙa shiga da fita. Yana da katako mai kauri santimita 5 da faɗi 15. Tambayarsa, shin wannan katakon zai iya zama bim ɗin gaba, wato katakon da ake gicciyawa a kan dirkokin gaba ya ɗauki rufin?

Injiniya: Yauwa, wannan ita ce tambayar da na ji daɗinta, domin ya kawo awo. Mafi yawan mutane sai su ce "wane katako zan sa?" ba tare da sun faɗi nisan da ke tsakanin dirka da dirka ba, alhali nisan nan shi ne rabin amsar. Malam, in kana kusa da takarda ka ɗauko, lissafin ba shi da wuya.

Da farko, wane yanki na rufin ne bim ɗin gaba yake ɗauka? Raftoci, wato katakan da ake ɗorawa a kan bim su riƙe rufin, suna kwance daga gaba zuwa baya, don haka nauyin ya kasu biyu, bim ɗin gaba ya ɗauki santimita 90, na baya 90. Sai mu ƙara bakin rufin da zai zarce waje don kare itacen daga feshin ruwa, mu ce santimita 30. Ya zama 120 ke nan, wato mita 1.2. Ka ninka da tsawon, mita 3.6, ka sami murabba'in mita 4.32.

Sai nauyi. Kwano da raftoci da ƙananan katakon da ake buga kwanon a kai ba su da nauyi sosai, mu ba su kilo 25 a kowace murabba'in mita. Amma ba a yi wa rufi lissafin nauyin kansa kaɗai. Wata rana mutum zai hau ya gyara, ganye zai taru ya jiƙe, wani zai ɗora tarkace. Mu ƙara kilo 75, jimla kilo 100. To bim ɗinka yana ɗauke da kilo 432.

Mai gabatarwa: Kilo ɗari huɗu da wani abu, a kan ɗan katako guda?

Injiniya: Ai shi ya sa muke zaune a nan. Yanzu ka ninka 432 da nisan, santimita 360, ka raba da 8. Amsa 19,440. Wannan adadin shi ne ƙarfin da ke ƙoƙarin lanƙwasa katakon a tsakiyarsa. Katakon gini na yau da kullum, mai kyau ba mai idanu ba, wato guraben reshe, ana iya ƙaddara masa kilo 70 a kowace murabba'in santimita a irin wannan lissafin. Mai tauri ya fi haka, mai rauni bai kai ba. Ka raba 19,440 da 70, ka sami kusan 278. Riƙe wannan lambar, ita ce abin da ake bukata.

Shi kuma katako ga yadda ake sanin abin da yake iya bayarwa in an ɗora shi a tsaye, faɗinsa daga sama zuwa ƙasa: kauri sau faɗi sau faɗi, a raba da 6. Naka, 5 sau 15 sau 15, a raba da 6, ya ba da 187 da rabi. Ana neman 278. Bai kai ba, Malam. Ba na ce zai karye ranar da ka buga shi ba, a'a, zai tsaya ƙyam har ka yi ta murna. Sai a hankali ya fara yin ciki, kuma katako in ya daɗe da kaya a kansa ƙara lotsawa yake yi, musamman in ɗanye aka buga.

Mai gabatarwa: To ina mafita? Ya riga ya sayi katakon.

Injiniya: Mafita uku ce. Ko ya sayo mai 5 da 20, wanda ke ba da 333, ya wuce abin da ake nema. Ka lura, santimita 5 kacal aka ƙara, amma ƙarfin ya kusa ninkawa, saboda faɗin sau biyu yake shiga lissafin. Ko kuma ya haɗa biyu daga irin wanda yake da shi gefe da gefe, ya ɗinke su da ƙusoshi ko ƙusa mai noti, su ba shi 375.

Ta ukun ita ce wadda ya ce ba ya so, amma ni ita nake ba kowa shawara. Dirka ɗaya a tsakiya. Nisan ya koma 180, nauyin kowane ɓangare ya koma 216, lambar da ake nema ta faɗo daga 278 zuwa kusan 69, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. A nan ko katako mai 5 da 10, da ke ba da 83, ya isa, balle nasa. Kuma Malam, ka auna baronka. Ƙofa mai faɗin santimita 180 ai baro biyu ma za su gifta juna a cikinta. A bim ɗin baya kuwa babu hujjar ƙin sa dirka ko kaɗan, tunda babu mai bi ta nan.

Mai gabatarwa: Akwai abin da na sha gani, kafinta ya kwantar da katakon a kan faɗinsa, wai ya fi zama daram a kan dirka.

Injiniya: Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin ni ma na taɓa yi. Ina ɗalibi na yi wa gidanmu 'yar rumfa, na kwantar da katakon don ƙusa ta fi saurin kamawa. Damina ɗaya ta wuce, na ja zare daga dirka zuwa dirka, sai ga yatsuna uku suna shiga tsakanin zaren da katakon. Kwanon ya bi shi ya lotsa, ruwa ya sami wurin kwanciya, ya riƙa ɗiga daidai kan itacen da aka yi rumfar dominsa. Ga dalilin a lissafi: mai 5 da 20 ɗin nan da ya ba mu 333 a tsaye, in ka kwantar da shi ya zama 20 sau 5 sau 5 a raba da 6, wato 83. Katako ɗaya, kuɗi ɗaya, ka zubar da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Wajen lotsawa ma abin ya fi muni, sau 16 yake ƙaruwa.

Sai 'yan abubuwan da lissafi ba ya gani. Ka ɗaga katakon ka hango shi ta tsawonsa, kusan kowanne yana da ɗan doro, ka sa doron ya kalli sama. Babban ido, wato gurbin reshe, kada ya zo a gefen ƙasa a tsakiyar bim, domin nan ne katakon ke miƙewa, nan yake fara tsagewa. Kada a yanke gefen ƙasan nan don wani abu ya shiga. Sannan bim ya zauna a kan dirka, ko a fafe masa kafaɗa a jikinta. Wanda aka manna a gefe da ƙusa uku, ƙusoshin ne ke ɗauke da rufin, ba dirkar ba. In ka sayi katakon da aka goge, ka sa tef ka auna, domin abin da ake kira inci 2 da 6 a Amurka, misali, ainihinsa milimita 38 da 140 ne.

Mai gabatarwa: Lokaci na neman ƙure mana. Ta ƙarshe daga wani dattijo, ya ce rumfarsa ba ta taɓa lotsawa ba, iska ce ta ɗauke rufin ɗungurungum ta ajiye a bayan gida.

Injiniya: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Rumfa mai buɗaɗɗen gaba iska shiga take yi ta tura rufin sama, kuma rufin kwano bai da nauyin da zai danne kansa. Ƙusar da aka buga a tsaye daga sama zarewa take yi cikin sauƙi. Ka ɗaure kowace rafta da bim da ɗan ƙarfe mai ramuka, ka ɗaure bim da dirka, dirka kuma ta kama kankare, ta yadda iskar sai ta ɗaga har da siminti kafin ta tafi da rufin. Gindin dirkar ya ɗan ɗaga daga ƙasa a kan takalmin ƙarfe, ko a sa katakon da aka yi wa magani, saboda gara da ruɓewa. Ka kuma buga gajerun katako a karkace tsakanin dirka da bim a kowace kusurwa, su ne ke hana rumfar rangaji. In da hali, ka juya mata baya ga inda iska mai ƙarfi ke fitowa.

Wanda kuma yake sauraronmu daga inda dusar ƙanƙara ke sauka, kada ya ɗauki kilo 100 ɗin da na yi amfani da shi. Jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara mai zurfin santimita 30 ita kaɗai tana iya kaiwa kusan haka. Ya nemi adadin da hukumar gine-ginen yankinsa ta ƙayyade, ya sa shi a madadin 75 ɗin, ya sake bin lissafin daga farko.

Mai gabatarwa: To Injiniya, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, mai tambaya a kan gini ya riƙa haɗo mana da awonsa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.