Yauƙin jikin tarwada: laccar da aka gabatar wa masu kiwon kifi a Argungu

Assalamu alaikum. Iyayena, 'yan'uwa, a garin nan ba ni zan koya wa kowa kama kifi ba. A kan wanda muke tsarewa a tanki zan yi magana.

Tarwada ba ta da ɓawo a jiki irin na karfasa. Abin da ke tsakaninta da ruwa shi ne yauƙin nan da mata ke gogewa da toka ko gishiri kafin girki. Yana fatarta, yana cikin hanjinta, yana kan jan naman nan na cikin kumatu da take numfashi da shi. Kullum tana fitar da sabo, tsohon ya saluɓe da ƙwayoyin cutar da suka manne masa. A cikinsa akwai sinadarin lisozim mai fasa bangon ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, irin wanda masanin kimiyya Alexander Fleming ya ba da labarinsa a 1922 bayan ya gano shi a majinar ɗan Adam. Akwai kuma sinadaran garkuwa masu gane cuta su riƙe ta.

To, ita cutar fa? Bakteriyar Aeromonas, mai kawo gyambo da jan tabo da kumburin ciki, tana cikin ruwanku tun jiya, ko da kifin lafiyarsa lau. Haka Flavobacterium, mai sa farin tabo a gadon baya ta cinye wurin numfashi, wadda ke ƙarfi idan ruwa ya yi ɗumi. Ƙofa suke jira, kuma mu ne ke buɗe musu.

Ku dubi ranar da ake ware manya daga ƙanana. A jawo su da raga mai kaushi, a zube su a busasshen baho, suna sukar juna da ƙaya, yaro ya damƙe da busasshen hannu. Ku kalli tafinsa bayan nan: farin abin da ya manne masa, garkuwar kifin ce ya ɗebe. Bayan 'yan kwanaki sai a ce cuta ta shigo daga maƙwabta.

Sai ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama sinadarin amoniya, ita kuwa ƙona wurin numfashi take yi. Tarwada na iya leƙowa ta shaƙi iska, shi ya sa take yaudararmu: ba ta mutu ba, sai mu ɗauka ruwan bai ɓaci ba. Ga zafin Afrilu, ga cunkoso, jikinta ya yi laushi.

Alhaji, na ji ka, kana tambaya a kan oksitetrasaikilin, maganin bakteriya. Yana aiki, amma zuba shi a ruwa duk mako koya wa bakteriya jure masa ne, ranar da kake bukatarsa ba zai ci ba. Ku jiƙa hannu da baho kafin taɓa kifi, ku yi aikin da sassafe, ku hana su abinci kwana 1 kafin jigila, ku sa ɗan gishiri a ruwan tafiya. Wanda ya mutu a tsame shi nan take a binne, don 'yan'uwansa za su ci gawar, cutar ta bi ta hanji.