Allurar cikin gwiwa: siteroyid ko ketorolak?

Jama'a, mu fara daga nan: ga mai ciwon zaizayar gaɓar gwiwa, duk cikin alluran biyu babu wadda ke mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Zafi kawai suke kwantarwa na ɗan lokaci.

Wadda aka saba da ita siteroyid ce, wato maganin rage kumburi, galibi tirayamsinolon miligiram 40, a haɗa da lidoken mai kashe zafi nan take. Mara lafiya ya kwanta ya miƙe ƙafa, a wanke fata sosai, a soka allurar ta gefen waje, ƙarƙashin saman ƙoƙon gwiwa. Idan gwiwar ta tara ruwa, a fara zuƙe shi. In ruwan ya fito gurɓatacce kamar mugunya, a dakata, a kai shi gwaji, domin zuba siteroyid a gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga babban ganganci ne.

Sauƙin da take kawowa makonni ne, da wuya ya wuce wata uku. Matsalar tana wajen maimaitawa. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2017, mutum 140 aka raba gida biyu, ana yi musu allura duk mako 12 har shekara biyu. Waɗanda suka sami tirayamsinolon sun fi waɗanda aka zuba wa ruwan gishiri asarar guringuntsi, zafin kuwa kusan ɗaya. Ga mai ciwon suga kuma, sugansa kan hau na 'yan kwanaki, don haka ya riƙa aunawa. Wanda za a sauya wa gwiwa cikin wata uku, kada a yi masa, saboda haɗarin shigar ƙwayoyin cuta bayan tiyata.

Ketorolak fa? Ɗan'uwan ibufurofen ne, ana zuba miligiram 30. Ƙananan gwaje-gwajen da aka yi sun nuna sauƙinsa ya yi daidai da na siteroyid, kuma ba ya tayar da suga. Amma ku kula, wani kaso nasa yana shiga jini. Mai ciwon ƙoda, mai gyambon ciki da mai shan maganin tsinka jini, ban yarda a yi musu ba sai an duba su tukuna. A ganina, mai suga da ƙodarsa ke lafiya shi ya fi cancanta da allurar ketorolak.

Kowacce aka yi, a hutar da gwiwar kwana biyu. In ta yi zafi ta kumbura ga zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.