Karen da Ba Ya Sa wa Tsuntsu Haƙori

Assalamu alaikum. Jama'a, abubuwa uku na yi niyyar kawowa a kan karen da Turawa ke kira Golden Retriever, wato asalinsa, da halinsa, da yadda ake kula da shi.

Na farko, asalinsa. A Sikotilan aka samar da shi, a wani gandu mai suna Guisachan, mallakar attajiri Dudley Marjoribanks, wanda daga baya aka ba shi sarautar Lord Tweedmouth. A shekarar 1868 ya haɗa wani kare mai launin ruwan ɗorawa, sunansa Nous, da wata karya mai suna Belle, daga irin karnukan ruwa na kogin Tweed, irin da yanzu ya ƙare ƙarƙaf. An daɗe ana cewa wai daga karnukan 'yan wasa na Rasha aka samo shi, sai a 1952 aka fito da abin da ke cikin littafin da Marjoribanks ya riƙa rubuta zuriyar karnukansa, wancan labarin ya bi ruwa.

To, mene ne wannan mutum yake nema? Ku da ke baya ku saurara, nan ne zancen yake. Karen mafarautanmu shi ke kora, shi ke cim wa zomo, shi ke kayar da shi. Wannan kuwa zama yake yi kusa da ƙafar maharbi, bindiga ta tashi bai motsa ba, yana dai lura da inda agwagwar ta faɗa, sai an ce masa tafi sannan ya faɗa tafki mai tsananin sanyi, ya ɗauko ta, ya miƙa ta a hannu ba tare da haƙorinsa ya huda fatarta ba. Ba ya sa mata haƙori, na maimaita. Masu kiwonsa suna ce wa wannan baiwa taushin baki. Na taɓa gani da idona a gidan wani abokin aikina, inda ɗan tsako ya maƙale a bayan tulu, karen ya ɗauko shi a baki ya dire a gabanmu, jiƙe sharkaf da yawu, amma ko ƙwarzane babu, ya girgije ya bi uwarsa. Har yau abin yana burge ni, kare ya riƙe nama mai rai a bakinsa ya kuma hana kansa.

Daga nan haƙurinsa ya samo tushe, da son mutane, da saurin karɓar horo, shi ya sa a Ingila da Amurka ake koya masa yi wa makafi jagora. Ɗaukar kaya kuma a jininsa take: baƙo zai cire takalmi a bakin ƙofa, sai ya ga an kawo masa ƙafa ɗaya har inda yake zaune.

Ashe na riga na shiga na biyu. To, na uku a gurguje. Gashinsa hawa biyu ne, na ƙasar sanyi, saboda haka mai riƙe shi a zafi irin namu ya tanadi inuwa da ruwa, ya fita da shi da asuba ko bayan magariba, ya riƙa taje shi, kada ya aske shi. A riƙa tsane kunnuwansa bayan wanka, a cire kaska, a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Kada a cika masa abinci, domin ƙiba tana tsananta ciwon kwatangwalo da ke damun irinsu. Yakan yi shekara 10 zuwa 12, kuma ciwon daji yana yawan kama su.

(Wani ya ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, zai yi gadin gida?")

Malam, gaskiya ba zai yi ba. Zai yi haushi idan ya ji motsi, amma da zarar mutum ya shigo, kaɗa masa wutsiya zai yi. Abin da nake roƙo shi ne, kada a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida don wai ya yi zafi, domin zafin ba zai zo ba, sai dai ya rame, ya yi ta kuka, ya kama cizon ƙafarsa saboda kaɗaici. Idan gadi kake so, ka same ni bayan an tashi, mu yi maganar wani irin.