Kyautar Darasin Yin Duwatsun Gilashi: Me Ake Yi a Ranar Farko?

Ku ɗauka ga wata sanda a gabanku. Ta gilashi ce, kaurinta bai wuce na fensir ba. Nan da ɗan lokaci za ta yi laushi kamar zuma, ta koma dutsen wuya. Idan kuna da wanda kuka rasa abin da za ku saya masa, ku biya masa kuɗin darasi ɗaya ya je ya yi wannan da hannunsa.

Malami zai zaunar da shi gaban harshen wuta da ke fitowa daga bututu, inda gas da iskar oksijin ke haɗuwa. Kafin ya taɓa komai sai ya sa tabarau na musamman. Gilashi na shiga wuta yakan tayar da wani haske rawaya mai kashe ido, saboda sinadarin sodiyam da ke cikinsa, tabaran kuma shi ke tace hasken har mutum ya ga abin da yake yi.

Hannu ɗaya na riƙe da sandar, ɗayan na riƙe da tsinken ƙarfe da aka tsoma a ruwan yumɓu ya bushe. Yumɓun ne ke hana gilashin manne wa ƙarfen, kuma in an zare tsinken, gurbinsa ne ramin da zare zai bi.

To, ga inda haƙuri ke shigowa. Ba a cusa sanda cikin wuta kai tsaye, domin bakinta zai tsage, ɓarɓashi ya yi tsalle. Sai an yi ta kusanto da ita ana janyewa har ta saba da zafin. Can sai bakin ya yi ja, ya dunƙule, a ɗora shi kan tsinken ana murzawa. Yatsun nan ba sa hutawa. Suna tsayawa, gilashin zai zubo gefe guda. Juyin da zafin ne ke mulmula dutsen, kuma lokacin da ɗalibi ya ga ya zagaye da kansa, ku dubi fuskarsa. Wannan kuka biya wa kuɗi.

Wani abin da ke burge ni shi ne launi. Gilashi mai zafi ja yake kamar garwashi, ko da shuɗi ne ko kore. Sai yana hucewa launinsa ke dawowa a hankali a gaban idonka. Irin wannan gilashi mai saurin narkewa, da yawa daga tsibirin Murano na Italiya ake kawo shi, inda hukumomin Venice suka mayar da masu sana'ar tun 1291 don gudun gobara.

Dutsen farko zai karkace. Ku bar shi a haka, shi ne wanda za a fi so.

Amma ba a tafiya da shi gida a ranar. Dole ya shiga tanderu mai zafin kusan digiri 500 a ma'aunin Selshiyos, ya huce sannu a hankali na sa'o'i. In ba haka ba, bayansa zai riga cikinsa yin sanyi, wata rana yana ajiye sai ya rabe biyu.

Saboda haka kafin ku biya, ku tambayi masu koyarwar ko suna da tanderun, da yadda iska ke fita daga ɗakin, da yawan ɗaliban da malami ɗaya ke kula da su, domin sabon hannu a gaban wuta yana bukatar ido a kansa. In yaro ne, ku tambayi shekarun da suke karɓa. Ku gaya wa wanda za ku ba kyautar ya sa kayan auduga, ban da na roba masu narkewa, da rufaffen takalmi, a kuma ɗaure gashi da duk abin da ke lilo. A jikin katin kyautar kuma ku rubuta masa cewa sai washegari ko bayan 'yan kwanaki zai karɓi duwatsunsa.